Yadda Ake Sassaƙa Allo a Buga Zanen Tsuntsaye da Sauyin Yanayi

Bugun zane aiki ne da ya ginu a kan abubuwa uku. Za ka sassaƙa hoto a jikin allo, ka shafa masa tawada, sannan ka ɗora takarda ka danna har hoton ya koma kanta. Duk wanda ya san yadda hatimi ke aiki ya san tushen abin: wurin da ka bari a tsaye shi ke ɗaukar tawada, wurin da ka ƙwaƙule kuma fari zai fito. Da allo ɗaya kana iya fitar da hoto ashirin ko hamsin, kuma kowannensu aikin hannunka ne.

Tsuntsaye sun dace da wannan sana'a ƙwarai, domin ido yana gane tsuntsu da siffarsa tun bai ga launinsa ba. Daga nesa za ka bambance zalɓe da shirwa ko da rana tana bayansu, kuma siffa ita ce abin da allon bugu ya fi iya riƙewa. Sannan tsuntsu yana tafe da lokacinsa. Akwai masu zuwa da tafiya a watanni sanannu, akwai masu sauya gashi, akwai waɗanda tsayuwarsu kawai ke nuna ko sanyi ake ko zafi. Masu bugun katako na Japan sun daɗe da gane haka. Hiroshige (1797 zuwa 1858) da Ohara Koson (1877 zuwa 1945) sun buga hotuna masu yawa na tsuntsu tare da fure ko reshen da ke nuna lokacin shekara. A Ingila kuma Thomas Bewick (1753 zuwa 1828) ya shahara da ƙananan hotunan tsuntsaye da ya sassaƙa a kan katako mai tauri. Mu a nan da lino za mu yi aiki, domin ya fi katako sauƙin yanka ga mai farawa.

Kayan aiki

Lino shi ne linoliyam, abin shimfiɗar daɓe da Frederick Walton ya ƙirƙiro a Ingila a farkon shekarun 1860. Ana haɗa shi da man linsid (man da ake tatsa daga 'ya'yan wani tsiro) da garin katako da garin ɓawon bishiya, a shimfiɗa a kan algarara. Wanda ake yi domin masu zane kaurinsa kusan milimita 3 ne, kuma ba shi da jijiya irin ta katako, don haka wuƙa tana bi ta kowace fuska. Ka fara da ƙaramin allo, kamar santimita 15 a 20. Sabo ka nema. Lino idan ya tsufa yakan bushe ya yi tauri, ya riƙa ɓarewa a bakin wuƙa. Akwai kuma allon roba mai laushi, wanda ya fi sauƙin yanka amma ba ya riƙe siraran layuka sosai. Katako mai laushi ma yana yi, sai dai shi yana da jijiya, dole ka riƙa lura da inda ta nufa.

Wuƙaƙen sassaƙa uku sun wadatar: ɗaya mai baki kamar harafin V domin layi, ƙarama mai baki kamar U domin gashi da ɗige-ɗige, da babba mai faɗin U domin share fili. Idan kuɗinka ba zai kai ga komai mai kyau ba, to a kan wuƙa za ka kashe shi. Wuƙa marar kaifi tana sa mutum ya yi amfani da ƙarfi, ƙarfin kuma shi ke sa ta zame. Ka tanadi ɗan ƙyallen fata da za ka riƙa goga bakinta a kai lokaci-lokaci.

Sauran kayan su ne rola ta roba, gilashi mai kauri ko faranti mai santsi na murza tawada, cokalin katako, fensir mai laushi, maka baƙa (alƙalami mai kaurin baki) wadda ba ta gogewa, takarda mai shara-shara ta kwafar zane, sanfefa mai laushi, kwali, salatif da tsummoki. Tawada kuwa ta bugun allo za ka nema, domin tana da danƙon da rola ke iya ɗauka. Iri biyu ce. Mai ruwa tana bushewa da wuri, har takan bushe a kan gilashi kafin ka gama idan iska ta bushe. Mai mai tana ba ka lokaci, baƙinta ya fi cika, amma hoton yana ɗaukar kwanaki kafin ya bushe. Ni mai mai nake fifitawa, musamman irin wadda ake wankewa da sabulu. Takarda kuma, tunda da hannu za ka buga, sirara mai santsi ta fi. Mai kauri da kaushi sai da injin matsi.

Mataki na farko: zauna ka kalli tsuntsun

Wannan matakin ne mutane suka fi tsallakewa, kuma a hoton ake gane wanda ya tsallake. Ka ɗauki ƙaramin littafin zane ka zauna inda tsuntsaye ke sauka. Ba za su tsaya maka ba, don haka kada ka nemi zane kammalalle. Abu uku za ka kama cikin daƙiƙoƙi kaɗan: karkatar gangar jiki, inda kai ya zauna a kanta, da inda wutsiya ta nufa. Gangar jikin yawancin tsuntsaye siffar ƙwai ce, kan kuma ƙaramin da'ira. Da zarar tsuntsun ya motsa, ka fara sabon zane a gefe. Shafi cike da guntayen zane talatin ya fi amfani a kan zane ɗaya da aka shafe awa ana gyarawa. Hoton waya yana taimakawa wajen duba launi da tsarin fiffike, amma ka bar shi ya zo daga baya, kuma ya zama naka ne ko wanda mai shi ya yarda ka yi aiki da shi.

Akwai wurare biyu da zanen tsuntsu ke yawan lalacewa. Na farko ƙafa. Gaɓar da ake gani tana lanƙwashewa baya idon sawu ce, gwiwar tana can sama a ɓoye cikin gashi. Ƙafafun kuma dole su faɗo daidai ƙarƙashin nauyin jiki, in ba haka ba tsuntsun zai zama kamar zai kifa. Na biyu ido. Yana kusa da inda baki ya tsage, kuma ɗan gusawa kaɗan yana sauya fuskar gaba ɗaya.

Yanzu ga batun yanayi. Kafin ka yi tunanin ganye ko gajimare, ka duba abin da lokacin ke yi wa tsuntsun kansa. A cikin sanyi yana buɗa gashinsa domin ya riƙe ɗumi, sai ya zama dunƙulalle, wuya ya shige, wani lokaci ya tsaya da ƙafa ɗaya. A tsananin zafi gashin yana kwanciya, jiki ya yi siriri, baki a buɗe yana haki, fikafikai sun ɗan saki daga jiki. Kurciya ɗaya ce, amma siffa biyu ce daban. Balbela fara ce fat a yawancin shekara, amma lokacin ƙyanƙyasa takan fitar da gashi ruwan goro a ka da ƙirji da baya. Shamuwa tana sheƙa a yankin Sahel da damina, sannan ta ƙetara zuwa kudancin Afirka idan ruwa ya ɗauke. Tsattsewar da ke ƙyanƙyasa a Turai tana taruwa jere a kan wayoyi kafin ta kama hanyar Afirka. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan hoto ne da ya riga ya faɗi lokacinsa. Abin da za ka ƙara masa kaɗan ne: reshe mai toho, ciyawa da ta yi 'ya'ya, busasshen kara, ko layin ruwan sama. Alama ɗaya ta isa. Idan ka tara huɗu a allo ɗaya, tsuntsun zai ɓace a cikinsu.

Domin allon farko ina ba da shawarar hankaka ko shamuwa. Baƙi da fari ne tun asali, rabin aikin rarrabewa an riga an yi maka.

Mataki na biyu: mayar da zane baƙi da fari

Allon bugu bai san toka-toka ba. Kowane wuri ko dai ya ɗauki tawada ko bai ɗauka ba. Saboda haka ka zana murabba'i daidai girman allonka a takarda, ka sa tsuntsun a ciki, sannan ka ɗauki maka ka yanke hukunci a kan kowane yanki. Inda kake son inuwa tsaka-tsaki, da layuka ko ɗige-ɗige za ka yi ta: masu yawa kusa da juna su ba da haske, 'yan kaɗan su bar duhu.

Ka kula da inda baƙi ya haɗu da baƙi. Baƙin tsuntsu a kan baƙin reshe dunƙule ɗaya zai zama, sai ka raba su da siririn farin layi ko ka sa fili fari a bayan tsuntsun. Farin tsuntsu irin balbela kuma yana son duhu a bayansa, a nan tsuntsun ne za ka ƙwaƙule ka bar filin. Kada ka ɗora tsuntsun a tsakiya cif. Ka bar masa sarari a gaban baki, wajen da yake kallo. Ka gwada tsari uku ko huɗu ƙanana, ka jingina su a bango, ka ja da baya taku biyar. Wanda ka gane tsuntsunsa nan take, shi ne naka.

Hoton zai fito a juye, dama ta koma hagu. Hanya mafi sauƙi ta magance wannan ita ce ka ɗora takarda mai shara-shara a kan zanen, ka bi layukan da fensir mai laushi, ka kifa ta a kan allon, fuskar fensir tana ƙasa, ka goga bayanta da cokali. Zanen zai hau allon a juye, bugu kuma ya dawo da shi daidai. Kafin haka ka ɗan goge fuskar linon da sanfefa mai laushi, ka share da tsumma mai danshi domin maiƙon da ke kai ya fita. Da yawa suna shafa masa tsarmammen launi su bari ya bushe, saboda duk inda wuƙa ta bi ya fito fili. Bayan zanen ya hau, ka bi shi da maka, ka cike duk wurin da zai tsaya da baƙi. Idan ka fara yanka hankalinka zai koma kan wuƙa, baƙin makar ne zai riƙa tuna maka abin da ba a taɓawa.

Mataki na uku: sassaƙa

Doka ɗaya ba ta da sassauci: hannun da ke riƙe allo yana bayan wuƙa a koyaushe. Wuƙa za ta zame wata rana, kuma ya kamata ta tarar da fili a gabanta. Ka sa allon a kan abin da zai hana shi santsi, ko ka yi matokari: faffaɗan katako mai ɗan sanda a gaba da ke tare allon, da wani a ƙasa da ke kama bakin tebur. Idan ana sanyi lino yakan yi tauri, sai ka ɗan ɗumama shi a rana ko kusa da abin ɗumi na 'yan mintoci.

Ka riƙe wuƙar ƙotarta a cikin tafin hannu, ɗan yatsa manuni yana kwance kusa da baki. Ka shigar da ita a kwance-kwance, ka tura a hankali. Zurfin milimita ɗaya ko ɗaya da rabi ya isa. Idan ka ga algarara ka wuce gona da iri. Kafin ka taɓa allon gaske, ka ɗauki guntun lino ka gwada kowace wuƙa: dogon layi, gajere, mai lanƙwasa, layin da ya fara siriri ya yi kauri ya sake sirancewa. Wannan na ƙarshe da mai bakin V ake yin sa, ta hanyar ƙara zurfi da rage shi, kuma shi ne layin gashin tsuntsu.

Ka fara da ido tun hannunka bai gaji ba. A kan baƙin tsuntsu, siririn farin zobe ne za ka zagaya, ka bar ƙwayar baƙa, sannan ka cire ɗan mitsitsin ɗigo a cikinta domin ƙyalli. Wannan ɗigon shi ke sa tsuntsun ya zama mai rai. Idan idon ya lalace a yanzu, asarar allo kawai ka yi, aikin kwana biyu bai bi shi ba. Daga nan ka zagaye siffar tsuntsun da mai bakin V, kana yanka a wajen layi. A wurin lanƙwasa, allon za ka riƙa juyawa, wuƙar tana tafiya gaba kawai. A kusurwa mai tsini, kamar ƙarshen baki ko yatsa, ka yanko daga ɓangarori biyu su haɗu. Duk layin da za ka bari a tsaye, kamar ƙafar shamuwa, ka bar gindinsa ya fi samansa faɗi, kuma kada ya gaza milimita ɗaya, don kada ya karye a tsakiyar bugu.

Gashi shi ne wurin da kwaɗayi ke kama mutum. Ba a sassaƙa kowane gashi. Manyan gashin fiffike da na wutsiya su ke son layi bayyananne. A ƙirji da wuya, 'yan gajerun yanka da suka bi kwanciyar gashin daga kai zuwa wutsiya sun isa, a tara su inda haske ke faɗowa, a bar sauran baƙi. Ga tsuntsun sanyi, ka bar gefen jikinsa da ɗan tsattsaguwa domin a ga gashin a buɗe. Ga na zafi, layi ɗaya santsi. Ɗige-ɗigen zabo da ƙaramar U ake yi: a kafa bakinta, a juya allon, a ɗaga.

Share fili shi ne na ƙarshe, kuma a nan ne yanayi ke shiga ta hanyar da nake ganin ta fi kowace kyau. Babbar U tana barin ƙananan tudu tsakanin yanka da yanka, kuma rola takan taɓa su su fito a takarda a matsayin siraran layuka. Wasu suna share su kaf. Ni ina ganin kyauta ce. Idan ka share filin da yanka masu gangarowa a karkace, ka sami ruwan sama. Idan a kwance suke, dogaye, ka sami iska ko shimfiɗar ruwa. Idan suna fitowa daga wuri ɗaya suna bazuwa, ka sami zafin rana. Saboda haka tun kafin ka fara sharewa ka san lokacin da hoton yake nufi, ka sa kowane yanka ya bi wannan hanya.

Kana cikin aiki ka riƙa dubawa: ɗora sirarar takarda, ka goga gefen fensir a kai, za ka ga kusan abin da zai fito. Abin da aka cire ba ya komawa, don haka idan kana shakka a kan wani wuri, ka bar shi har bayan bugun gwaji.

Mataki na huɗu: tawada da bugu

Ka kakkaɓe allon da buroshi, domin ɗan ɓarɓashi ɗaya yana barin baƙin ɗigo mai farin zobe a hoto. Ka sa tawada kaɗan a saman gilashi, ka ɗebo da rola, ka murza a ƙasa. Kana turawa kana ɗagawa, domin rolar ta juya ta ɗauki tawada ko'ina a jikinta. Kunne yana taimakawa a nan. Tawadar da ta yi daidai tana da siririn sauti mai laushi, fuskarta kuma tana da ƙananan tsiga masu kyau. Idan tana ƙara da ƙarfi tana tashi da manyan tsiga, ta yi yawa, sai ka rage.

Ka shafa wa allon a hankali, sau da yawa, siriri-siriri, daga fuskoki daban-daban, ba tare da dannawa ba. Ka ɗaga shi ka karkata wajen haske: ya kamata ko'ina ya yi sheƙi iri ɗaya. Sannan ka ɗora takarda sau ɗaya, kada ka gyara ta bayan ta taɓa tawada. Ka lallashe ta da tafin hannu daga tsakiya zuwa gefe, ka ɗauki bayan cokali ka riƙa murzawa a ƙananan da'irori, ɗaya hannun yana riƙe da takardar. Ka fi ba gefuna da manyan wuraren baƙi ƙarfi. A Japan da wani faifai mai suna baren ake wannan murza, kuma ana samunsa, amma cokalin katako yana aikin. Kafin ka cire, ka ɗaga kusurwa ɗaya ka leƙa. Idan akwai wurin da bai kama ba, ka mayar ka ƙara murzawa.

Bugu biyu ko uku na farko sukan fito da haske saboda allon bai sha tawada ba tukuna, don haka ka yi su a takarda mai araha. Bayan nan hoton zai gaya maka matsalarsa. Fari-fari a cikin baƙi na nufin tawada ko murza ta yi kaɗan, ko takardar ta cika kaushi. Siraran layuka da suka cike na nufin tawada ta yi yawa. Hoto mai inuwa biyu na nufin takarda ta motsa. Ka rataye gwajin ka kwana, da safe ka dube shi da sabon ido, sannan ka wanke allon ka ƙara yankan da ya rage.

Mataki na biyar: launi da jerin lokutan shekara

Kafin launi na biyu, dole takarda ta riƙa sauka wuri ɗaya a kowane bugu. Ka samu faffaɗan kwali, ka manna masa guntaye biyu a siffar L inda kusurwar allon za ta zauna, da wasu biyu a waje inda kusurwar takarda za ta tokara. Duk takardun ka yanke su girma ɗaya, kuma kusurwa ɗaya za ka riƙa tokarawa kullum. Masu bugun Japan a jikin katakon suke sassaƙa wannan alama, suna kiranta kento. Milimita ɗaya ta kuskure tana bayyana a bakin tsuntsu, don haka minti goma da za ka ɓata a kan kwalin nan ba asara ba ne.

Hanya ta farko ita ce alluna da yawa, kowane launi da nasa. Ka gama allon baƙi mai ɗauke da tsuntsu, ka buga shi a takarda mai santsi da tawada isasshiya, tun tana danye ka sa sabon allo a cikin kwalin, ka kifa takardar a kai ka murza. Hoton zai hau sabon allon a daidai wurinsa. Idan ya bushe, sai ka sassaƙa abin da launin zai rufe. Wajen bugu ana fara da launi mai haske, baƙi ya zo ƙarshe ya ɗaure komai.

Wannan hanya ita ta fi dacewa da jerin yanayi, domin allon tsuntsu ɗaya zai iya hawa bango daban-daban, wato filin da ke bayan tsuntsun. Ka ɗauki kurciya a kan reshe. Domin damina, bango kore mai duhu da layukan ruwa a karkace. Domin kaka, rawaya mai ɗumi da ciyawa mai nauyin kai. Domin lokacin sanyi, launi mai hasken toka da reshe tsirara, ko hazo ne ke rufe sararin a inda kake ko dusar ƙanƙara. Domin bazara, ruwan goro mai zafi da fili kusan babu komai. Sai dai ka tuna abin da muka gani a matakin farko: tsuntsun sanyi da na zafi ba siffarsu ɗaya ba. Idan kana da haƙuri, ka sassaƙa allon tsuntsu biyu, dunƙulalle da siriri. Bambancin da wannan ke kawowa ya fi na kowane launi.

Dabaru biyu suna ƙara wa bango rai. Ɗaya ita ce haɗa launi a rola: ka sa launi biyu gefe da gefe a gilashi, ka riƙa murzawa ta fuska ɗaya kawai har tsakiyarsu ta narke, sannan ka shafa wa allon ta wannan fuskar. Sararin sama zai fito da duhu a sama yana washewa zuwa ƙasa. Ɗayar kuma ita ce cakuɗa tawada da wani sinadari marar launi da ake sayarwa tare da ita, wanda ke sa ta zama shara-shara. Shuɗi shara-shara a kan rawaya yana ba da kore, ka sami launi uku da allo biyu. Launukan lokacin sanyi da na hazo da wannan sinadarin suka fi kyau, domin farar tawada tana sa launi ya yi nauyi ya dushe.

Hanya ta biyu allo ɗaya ne ake ragewa. Shahararren mai zane Pablo Picasso ya yi aiki da ita sosai a kudancin Faransa daga wajajen 1959, shi ya sa ta yi suna. Ga yadda take da balbelar lokacin ƙyanƙyasa. Ka fara cire duk wurin da zai zauna fari, wato yawancin jikinta, ka buga ruwan goro mai haske a dukan takardunka. Ka wanke allon, ka cire wuraren da za su zauna ruwan goro, wato gashin ka da ƙirji da baya da baki, ka buga kore a kai. Ka sake cire abin da zai zauna kore, ka bar ido da ƙafafu da inuwar ciyawa, ka buga launi mafi duhu. Launukan suna hawa juna daidai domin allo ɗaya ne, amma babu komawa baya, allon yana ƙarewa tare da aikin. Idan hoto goma kake so, ka fara da takarda goma sha biyar, domin wasu za su lalace a hanya. Ka bar kowane launi ya bushe kafin na gaba, kuma ka sa shi siriri, saboda tawada mai kauri a kan mai kauri tana ƙin kamawa. Kada ka fara da wannan hanya sai ka buga baƙi da fari ya fito maka yadda kake so.

Bushewa, lamba da wanki

Ka rataye hotunan a igiya da maƙalai ko ka shimfiɗa su ɗai-ɗai inda ƙura ba ta kai. Tawada mai ruwa takan bushe a yini, mai mai tana iya kai mako, gwargwadon kaurinta da danshin iska. Idan sun bushe, ka ware waɗanda suka fito iri ɗaya, ka sa musu hannu da fensir a ƙasan hoton: lamba a hagu, suna a tsakiya, sa hannu da shekara a dama. Lambar 3/12 na nufin hoto na uku cikin goma sha biyu, kuma idan ka rubuta haka ka yi alkawarin ba za ka ƙara buga na goma sha uku ba.

Ka kankare ragowar tawada daga gilashi, ka murza rola a tsohuwar jarida, sannan ka wanke. Tawadar mai ta asali tana fita da ɗan man girki, a bi da sabulu. Kada ka jiƙa lino a ruwa, domin algararar bayansa tana shan ruwa allon ya lanƙwashe. Tsummokin da suka sha tawadar mai ka baza su a fili su bushe kafin ka zubar, saboda man linsid yana ɗaukar zafi idan aka dunƙule shi, har yana iya kama wuta. Rola kuma ka ajiye ta robar ba ta taɓa tebur, alluna a kwance da takarda a tsakaninsu, tare da ɗan rubutu a bayan kowanne na launukan da ka haɗa, domin ranar da za ka dawo buga lokaci na gaba a jerin.